Da Wane Suna Za a Kira Mutanen Cikin Majigin?

Tsakanin 1951 da 1961 masu shirya finafinai a Amurka da Italiya sun zuba dukiya mai yawa a kan labari kusan iri ɗaya. A Quo Vadis na 1951, kwamandan sojan Rum ne ya kamu da son wata budurwa mai bin sabon addini a zamanin Sarki Nero. A The Robe na 1953, hafsan da aka ɗora wa aikin gicciyewa, bisa riwayar Kiristoci, ya ci rigar wanda aka gicciye a caca, rigar ta hana shi sakat. A Ben-Hur na 1959, wanda ya lashe kyautar Oscar 11, Bayahude ne ɗan babban gida da ƙishin ramuwa ya cinye wa zuciya. A Barabbas na 1961, ɗan fashi ne da aka saki, ya rasa dalilin da ya sa aka bar shi da rai. Ƙarshen kowannensu dai mutum mai taurin zuciya ne ya sauya.

Amma ka zauna a wata majalisa a Dutse ka gwada ba da ɗaya daga labaran nan da Hausa. Kafin ka yi nisa sai ka tsaya neman suna, kuma wanda ka ɗauka zai nuna wa masu saurare daga wane gida ka fito.

Lokacin da aka yi finafinan, Dutse gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano, mai son silima kuwa sai ya dangana da Kano, inda aka buɗe Rex tun 1937. Abin da ƙauyuka suka sani shi ne majigi, kalmar da muka lanƙwasa daga sunan da Turawa ke kiran fitilar haska hoto. Da majigin ne kuma coci-coci suka riƙa yawo da fim ɗin 1979 da aka gina kan Bisharar Luka, wanda aka juya zuwa harsuna fiye da dubu, har da Hausa: farin ƙyalle, janareta, yara a gaba a kan tabarma. Yau wayar hannu ta gaji majigi. Tsaya kusa da mai tura finafinai a kasuwar Shuwarin. Saurayi zai miƙa katin waya ya ce, "Malam, sa mini tarihin Annabi Isa." Can anjima wata dattijuwa za ta ce, "Ɗan nan, kana da fim ɗin Yesu?" Shi kuwa ya ce, "Akwai, Inna, kawo wayar." Ya san kowa da abin da yake nema, bai kuma gyara wa kowa baki ba.

Isa shi ne sunan da ya zo a Alƙur'ani, shi Bahaushe ya sani ƙarnuka kafin zuwan 'yan mishan, har yana raɗa wa ɗansa. Yesu ya biyo wata hanya ce daban, daga Yeshuwa na Ibrananci zuwa Girkanci, daga nan zuwa bakin masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932. Kiristocin Larabawa ma Yasu'u suke cewa. Bambancin sunan ba na lafazi kaɗai ba ne, gaskiya ce a faɗa: mai cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana nufin manzo ɗan Maryamu wanda ba a kashe ba, ba a gicciye ba, mai cewa Yesu yana nufin wanda ya mutu ya tashi. Duk da haka akwai laƙabi ɗaya da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa, wato Almasihu. Asalinsa wanda aka shafa wa mai, kuma shi ne Girkawa suka fassara da Kiristos. Ke nan Kirista da Bamasihe ma'anarsu ɗaya, ɗaya ya shigo ta Girka, ɗaya ta ƙasar Larabawa.

A nan ne finafinan suka fi ba ni abin tunani, domin mutanen da suke nunawa ba su riga sun tsayar wa kansu da suna ba. A Quo Vadis budurwar nan hoton kifi take zanawa a ƙasa, alamar da 'yan uwanta ke gane juna da ita a ɓoye. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa a Antakiya aka fara kiran su Kirista, wasu kuma na ce musu mutanen Nazarat. Daga wannan na biyun ne galibin masana ke ganin Nasara ta samo asali. Sai dai kalmar ta yi wata tafiya a ƙasar Hausa. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Nasara ta koma sunan mai jan kunne, ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa. Aka ce zamanin Nasara, aikin Nasara, karatun Nasara. Shi ya sa Bahaushen Kirista, wanda kakanninsa ke kwance a ƙasar Kiyawa ko Birnin Kudu, ba ya jin daɗin a ce masa Banasare: an mai da shi baƙo a gonar ubansa. Ba banza ba Hausawa da Fulani da Barebarin da ke bin addinin suka kira ƙungiyarsu Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. Sun zaɓi sunan da maƙwabcinsu Musulmi yake ji a tafsiri.

Akwai kuma wani suna da ƙasar nan ta haifa da kanta, kuma gidansa ba shi da nisa da mu. In ka bi titin Birnin Kudu ka miƙe kudu, Ningi za ka faɗa. Can ne wasu daga cikin Isawa suka fake a ƙarni na 19. Almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayin da malaman fada ba su yarda da shi ba, aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mutanen nan ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, da allo da tawada suka tashi. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi ɗan mishan Likita Miller a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Ka dubi ginin sunan: Isa da "-awa", kamar Kanawa da Katsinawa. Hausa ce tsantsa, ba aro. Da masu fim sun san labarin nan, da sun tarar da duk abin da suke zuwa nema a Rum: malami, sarki, kisa a bainar jama'a, gudun hijira zuwa duwatsu.

Sauran kalmomin coci na Hausa ma yawancinsu daga zauren malamai aka ɗebo su. Mabiyan nan goma sha biyu da Musulmi ke kira Hawariyawa, Littafi Mai Tsarki almajirai ya ce musu, kalmar da muke kiran yaron tsangaya da ita. Bishara, manzo, shahada, Linjila, addu'a, sunan Allah kansa, duk gadon gida ɗaya ne. Bitrus da Bulus ma siffar Larabci suka ɗauko, ba ta Ingilishi ba. Coci da fasto ne suka shigo daga baya ta bakin Turawa.

Kalmar da ya kamata a tsaya a kanta da nauyi ita ce arne. A finafinan nan arna su ne Rumawa masu ƙona turare gaban gumaka, waɗanda ake jefa wa zakuna kuwa an jefa su ne don sun ƙi yin haka. Fiƙihun Musulunci ma ya raba tsakanin mai bautar gunki da Ahlul Kitabi. Yaron da ke bin ɗan maƙwabta da "arne, arne" ya saɓa wa tarihi, ya saɓa wa littafin malaminsa. Ina faɗin haka ne a garin da ya ga abin da baki ke jawowa: a watan Satumba na 2006, cacar baki a kan addini ta rikiɗe a Dutse har aka ƙona coci-coci.

Saura abin da ya faru da jarumin irin finafinan nan shi kansa. Me za mu ce ya yi? Bakin Bahaushe zai yi saurin cewa ya tuba. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta komawa, kuma kowa na amfani da ita: Bamagujen da ya shiga Musulunci an ce ya tuba, wanda aka yi wa baftisma an ce sabon tuba ne. Amma tuba ba ta zuwa ita kaɗai, tana ɗauke da hukunci a kan inda aka baro. Ba a tuba sai daga laifi. Yaron da ya ga bulala ne ke cewa na tuba. Saboda haka abin da gidan da aka shiga ke kira tuba, gidan da aka fita na kiran sa ridda. A kan hafsan Rum ba mai jayayya, tunda gumakan Rum ba su da sauran mai kare su. Rikicin yana tasowa ne in mai sauyawar ɗan unguwa ne. "Ya musulunta" ta fi sauƙi, domin inda aka nufa kawai ta faɗa. Kiristoci na cewa ya ba da gaskiya, ko ya zama mai bi. 'Yan jarida kuma, da suke neman tsayawa a tsakiya, sukan ce ya sauya addini.

Wanda ya kalli Ashabul Kahfi, shirin Iran da Farajollah Salahshoor ya ba da umarni a ƙarshen shekarun 1990, wanda ya zaga gidajen Hausawa da fassara, ya riga ya kalli ɗan uwan Quo Vadis ko bai sani ba. Babban jami'in Rum ne ya yi imani a ɓoye, mai mulki ya matsa, masu imani suka gudu kogo. Malaman tafsiri na kiran sarkin Daƙyanus, masu tarihi na danganta shi da Desiyus da ya yi mulki daga 249 zuwa 251. Kiristocin gabas sun daɗe da labarin, suna kiran su masu barci bakwai na Afisa, suna lissafa su cikin tsarkakansu. Mai kallo Musulmi muminai yake ce musu, masu tauhidi a kan tafarkin Annabi Isa, yana kuma zubar musu da hawaye. Samarin dai su ne, kogon shi ne, kowane gida na cewa nasa ne, kuma kowane gida na cewa tuba suka yi.

Da ni za a ba aikin juya The Robe zuwa Hausa, ba zan nemi kalma ɗaya in shafa wa kowa ba. A bakin almajiri Bitrus zan sa "ya tuba", don haka Bitrus ya ɗauki al'amarin. A bakin Sarki Kaligula, ranar da yake yi wa hafsan shari'a a gaban fadawa, zan sa "ya ci amanar Kaisar". In kuma akwai muryar mai ba da labari, wadda Inna da saurayin nan na kasuwar Shuwarin za su saurara a ɗaki ɗaya, ita zan bar wa "ya bar addinin Rumawa, ya bi Almasihu".