Yadda Waƙa Ta Shiga Faifai a Ƙasar Auduga

Duk wanda ya tashi a Mahuta ya san cewa faifai, a asalin ma'anarsa, shi ne abin nan mai kewaye da mata ke saƙawa, su rufe ƙwaryar fura da shi, su yi bakace da shi bayan surfe, har su jera masu ado a bangon ɗakin amarya. To, sa'ad da fatake suka zo da wani baƙin abu mai faɗi da kewaye, wanda in an ɗora shi bisa na'ura aka kafa masa allura sai muryar ɗan Adam ta fito daga cikinsa, Bahaushe bai wahalar da kansa wajen neman suna ba, ya dube shi ya ce wannan ma faifai ne, na'urar kuwa ya lanƙwasa sunanta ya ce garmaho.

Wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, shi ya ƙago garmaho a 1887, amma abin da ya kawo ta ƙasarmu auduga ce. Tun kafin 1930 hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Gusau ta ratsa Funtuwa, kamfanin BCGA kuma ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, saboda haka idan kaka ta yi, manomi ya kai audugarsa aka ɗora a sikeli, ya biya haraji, ya yi wa iyali sutura, sauran kuɗin da ya rage yakan raba hankalinsa tsakanin keke da ƙarin aure da abin nishaɗi.

Ina yaro na riski wata garmaho a gidan wani dillalin auduga na unguwarmu, wanda ba ya fito da ita sai bayan sallar isha'i, a shimfiɗa tabarmi, ya buɗe akwatin da kansa, domin ko ɗan cikinsa ba shi da izinin taɓa ta. Sai ya murɗa hannun ya yi mata wani, ya ɗauko sabuwar allura daga ɗan gwangwani, ya goge faifan da gefen rigarsa. Idan hira ta ɗauke masa hankali ya manta da ƙarin wani, muryar makaɗin takan yi ta nauyi tana ja da baya kamar mai magagin barci, mu yara mu tuntsire da dariya, dattawa su tsawata mana. Ranar da faifai ɗaya ya suɓuce ya fashe kuwa, wallahi jimamin da aka yi bai gaza na mutuwar tunkiya ba.

Sai dai akwai mas'ala a nan wadda a ganina ba a cika lura da ita ba. Fuska ɗaya ta faifan garmaho ba ta ɗaukar fiye da kamar minti uku, alhali kuwa waƙar makaɗin Hausa ba ta da haddi, gwargwadon taro da kyautar da aka yi gwargwadon tsawonta. A dubi Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya daɗe da zama a Funtuwa har ta zama gidansa: shi ba ya rubuta waƙa balle ya haddace ta, sai dai ya kafa amshi, masu kalangu su ɗauka, 'yan amshi su riƙe, sa'an nan ya riƙa zubo ɗiyan waƙa bisa ga wanda ya gani a gabansa da abin da ya faɗo masa a zuci a wannan sa'a. Waƙa ɗaya a bakinsa riwayoyi ce masu yawa, faifai kuwa nassi guda yake nema.

Ko da dogon faifai ya fito a Amurka a 1948, mai ɗaukar kimanin minti 20 a kowace fuska, wanda daga baya kamfanoni irin su EMI suka riƙa buga waƙoƙin Shata a kansa, hikimar da wasu al'ummai suka gina bisa wannan faifai ba ta kama mu ba. A Burazil, misali, mawaƙi kan tsara waƙoƙinsa tun daga gida, ya shiga ɗakin ɗaukar murya, ya jera su kamar babobin littafi, ya ba tarin suna guda. Haka Gilberto Gil ya yi, mutumin Bahiya, lardin da bayi Musulmi, har da Hausawa, suka yi tawaye a ƙarni na 19: ya halarci bikin FESTAC a Legas a 1977, ya koma gida ya fitar da faifan Refavela a wannan shekara, yana sharhin abin da idonsa ya gani. Wannan tasnifi ne, mai mafari da maƙura. Na Shata kuwa, bilhasali, ɗiban ruwa ne daga kogi mai gudu, kamfani ya tara abin da ya samu ya rufe.

Don haka ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya fi dacewa da ɗabi'armu, domin a wancan zamani kowa na iya ajiye rakoda a gefen fili a wurin biki ko ajo ya ɗauki rabonsa, masu shaguna a kasuwar Funtuwa kuma su yi ta kwafa suna sayarwa, ba tare da makaɗi ya ga ko sisi ba. Shata ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura, shekara 11 bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya bar waƙarsa Bakandamiya ba riwaya ɗaya ba. Kwanan baya a wata majalisa a Mahuta na tarar da dattawa biyu suna gardama kan wadda ta fi inganci, kowa ya zaro wayarsa ya kunna tasa, ɗayan yana rantsuwa cewa tasa a gabansa aka rera ta, shekarar da ya sayar da audugarsa ta fari.