Maƙwabciya a Cikin Marsiyya: Nana Asma'u da Mutanen da Tarihi Bai Lissafa Ba

Wanda ya karanta Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo, zai fito da sunayen malamai da sarakuna da filayen daga: Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, Alƙalawa. Aikin littattafan ke nan, ba a kuma zarge su da shi ba. Sai dai al'ummar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 ba mayaƙa da alƙalai kaɗai ba ce. Akwai masu daka da masu jinya, akwai masu wankan gawa. Hujjar wannan maƙala ita ce, marsiyoyin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) sun adana ɓangaren tarihin Daular Sakkwato da rubutun maza ya tsallake, kuma zaɓen waɗanda ta yi wa marsiyya hukunci ne da gangan a kan wanda ya cancanci a tuna da shi.

Ta yi wa manya marsiyya, ba shakka. Ta yi wa ɗan'uwanta Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Ko a nan abin lura ne cewa yabon da ta yi wa Bello ya fi karkata ga halinsa da iliminsa da tausayinsa ga talaka a kan nasarorinsa na yaƙi. Amma inda ta rabu da al'adar zamaninta shi ne inda ta ɗauki alƙalami saboda Halima, maƙwabciyarta, wadda ba ta da sarauta, ba ta bar littafi ba. Abin da aka faɗa a kanta shi ne hankali da haƙuri, riƙon zumunci, da girmama yaro da babba. Haka ta yi wa Zaharatu, wadda take zuwa wurin mata idan naƙuda ta kama su, take shirya gawa ba tare da nuna ƙyama ba, take kuma koya wa wanda bai sani ba addininsa. Haka ta yi wa Hauwa'u, wadda jaji ce, wato ɗaya daga cikin shugabannin 'Yan Taru da suke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurin Asma'u don ɗaukar karatu. Waɗannan mata sun ratsa rayuwarta ne ta ƙofar gida da tsakar gida, ba ta fada ba.

Mai suka zai ce ai marsiyya wa'azi ce da aka sa wa sunan mutum. Siffofin da ake jerowa kusan iri ɗaya ne, haƙuri da kunya da tsoron Allah, har mai karatu ya kasa bambanta Halima da wata Halimar. Wannan suka tana da ƙarfi, bai kamata a share ta ba. Asma'u malama ce, waƙoƙinta kayan koyarwa ne da ake haddacewa a rera, kuma addini ya hana aibata mamaci, don haka ba za a ji ko Zaharatu tana da saurin fushi ba. Idan ana neman mutum da tabonsa, gara a koma ga Baba ta Karo, wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba tana kawo ƙawayenta da kishiyoyinta da mazan da ta aura da daɗinsu da ɗacinsu, ba ta rufa wa kowa asiri don ya mutu.

Duk da haka sukar ta manta abu ɗaya. Wa'azi ba ya bukatar suna. Asma'u ta rubuta waƙoƙi masu yawa a kan lahira da tuba da tsoron azaba ba tare da ta ambaci maƙwabcin kowa ba. Da koyar da haƙuri kaɗai take nufi, da tana da matan Annabi da waliyyai mata da za ta buga misali da su, ta kuwa yi haka a wata waƙar. Da ta sa sunan Zaharatu, ta kuma faɗi ainihin aikin hannunta, sai ta ɗaga karɓar haihuwa da wankan gawa zuwa matsayin da ake rubutawa da tawada a ajiye kusa da sunan Sarkin Musulmi. A ganina wannan shi ne ra'ayinta na siyasa mafi ƙarfi, ko da yake ba a cika karanta shi a haka ba.

Akwai kuma inda malamar ta ja da baya, mai rashi ta fito fili. Marsiyyar A'isha, aminiyarta kuma matar Bello, wadda ta rasu a shekarun 1850, ba jerin siffofi ba ce kawai. Kaɗaici ne na macen da ta haura sittin, wadda ta binne mahaifi da ɗan'uwa da miji, yanzu kuma ta rasa wadda suka sha wahalar shekarun jihadi tare. Har ta kare kukanta da hujjar cewa shari'a ba ta hana hawaye ba, kururuwa ta hana.

Waɗannan sunaye sun iso gare mu ne saboda zuriyar Giɗaɗo ta riƙe takardun, musamman Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya buɗe wa mai bincike Jean Boyd taskarsa. Daga nan aka sami tarin ayyukan da Boyd da Beverly Mack suka wallafa a 1997. Abin takaici, ɗalibanmu da yawa da Turanci suke fara haɗuwa da Halima da Zaharatu, alhali da yawan marsiyoyin da Fulatanci aka tsara su, wasu da Larabci. Nazarin da zai koma ga asalin ajamin, ya duba waɗanne kalmomi ta ware wa Bello, waɗanne ta ware wa maƙwabciya, shi zai nuna ko ma'auni ɗaya ta auna su da shi.