Tarihin Ciyar da Ɗalibai a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi: Daga Ƙoƙon Almajiri Zuwa Kular Firamare

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar ƙauye ya san yadda aji ke komawa idan hantsi ya dubi ludayi. Yaran da suka karya kumallo idonsu na kan allo, waɗanda suka fito da cikinsu wayam kuwa sai hamma da gyangyaɗi, wasu ma idan aka tashi tara ba a ƙara ganinsu sai gobe. Saboda haka batun ciyar da ɗalibai ba sabon abu ba ne a ƙasar Katsina, ko da yake mutane da yawa suna zaton da shirin gwamnatin tarayya na 2016 aka fara shi. Wannan maƙala za ta bi diddigin lamarin a gundumomin Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, wato Dutsin-Ma da Kurfi, don a ga a wuyan wa abincin mai neman ilimi ya rataya a kowane zamani.

Zamanin Makarantar Allo

Tun kafin zuwan Turawa, Katsina gari ne na malamai, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, inda almajirai ke zuwa daga nesa. Tsarin da ya riƙe waɗannan almajirai ba ya cikin wata takarda, amma kowa ya san shi. Malami yana da gona, almajiransa su ne ke noma ta da damina. Idan kaka ta yi, manoma suna kai masa zakkar hatsi da sadaka, dami bisa dami. Kowane ƙaramin almajiri kuma yana da gidan da yake yi wa aike, ya ɗebo ruwa, ya yi shara, uwar ɗakinsa ta zuba masa tuwon dare, da safe ta ba shi ɗumame. Bara cikon giɓi ne kawai, kuma a ƙofar gidajen unguwa ake yin sa, ba a tasha ko bakin titi ba.

Abin lura a nan shi ne, gari ne ke ciyar da ɗalibi. Abincin da ake ci a gidan, shi almajiri ke ci: tuwon dawa ko na gero da miyar kuka mai daddawa, fura da nono, wake, wani lokaci kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli. Masana abinci na yanzu sun tabbatar da cewa haɗa hatsi da wake ko gyaɗa yana ba jiki abin gina shi fiye da cin hatsin shi kaɗai, kuma gero da ganyen kuka da zogale suna da sinadaran ƙara jini. Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma tukunyarsu ta san aikin.

Sai dai kada a ɗauka komai daidai yake a wancan zamani. Tsarin ya dogara ne kacokan ga rumbun talaka. Shekarar da rumbu ya wofinta, almajiri ne na farko da ake rufe wa ƙofa. Haka aka gani a yunwar Kakalaba ta 1914, haka kuma aka sake gani a farin 1973, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu sun gan shi da idonsu.

Zamanin En'e da Makarantun Kwana

Ilimin boko ya samu gindin zama a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A zamaninsa ne aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, makarantar kwana da ta yaye su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Daga nan ne wani sabon abu ya shigo: hukuma ta ɗauki nauyin cikin ɗalibi.

A garuruwan hakimai irin su Dutsin-Ma da Kurfi, makarantar elementare ta jeka-ka-dawo ce. Yaron da aka ɗauko daga ƙauye, sau da yawa ba da son iyayensa ba, akan damƙa shi ne ga wani gida a cikin gari, na dangi ko na masu sarauta, a nan zai ci ya kwana. Wato dai tsohon tsarin uwar ɗaki ne aka yi wa sabuwar riga. Wanda ya ci jarrabawa ya wuce Midil a birnin Katsina, shi ne ke shiga hannun En'e sosai, daga abinci har tufafi da sabulu, duk daga baitulmali, wato daga harajin da jangalin da uban yaron ya biya. Yaran ba su da yawa, shi ya sa abin ya yiwu. Wannan tsari ya ci gaba har zamanin da Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, yake Ministan Ilimi na Jihar Arewa, wanda Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa.

Mu da muka yi makarantar kwana a shekarun 1970 mun tarar da ragowar wannan gata. Da safe koko ko kunu da ƙosai, wata rana shayi da burodi. Da rana shinkafa ko wake. Da dare tuwo, wanda ɗalibai suka raɗa wa suna gabza saboda taurinsa da gudajin da ke ciki. Akwai firfet na abinci, akwai malami mai kula da kicin, akwai kukuma da ake jin tsoronsu fiye da wasu malaman. Muna ƙorafin ƙwari a cikin wake, amma gaskiya ita ce yawancinmu a makaranta muka fara cin abinci sau uku a rana ba fashi. Na san iyaye da dama da suka saki 'ya'yansu zuwa boko ba don sun yarda da bokon ba, sai don baki ɗaya ya ragu a gida.

Lalacewar abin ta fara ne sa'ad da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu. Ɗan kwangila ya kawo hatsi a bi shi bashin wata da watanni, shi kuma ya rama a kan mudu da ingancin kaya. A wani ofis da na taɓa aiki, na ga takardar biyan kuɗin nama na zango guda cur, alhali ɗaliban makarantar sun ce ba su ga ko ƙashi ba. Tun daga lokacin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari suka zama dole a akwatin kowane ɗan makarantar kwana.

A gefe guda kuma, shirin ilimin firamare kyauta na UPE da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, shekarar da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, ya cika azuzuwa da yara har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba. An tanadi gini da malamai da littattafai, ba a tanadi abinci ba. Abin da ya rage wa yaro shi ne kuɗin tara, idan akwai, ya sayi ƙosai ko ɗanwake ko awara a wurin 'yan talla a bakin makaranta. Kuma 'yan tallan nan, in an duba, 'yan mata ne sa'o'in waɗanda ke cikin ajin.

Shirin Gwamnatin Tarayya

Wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da abincin makaranta doka. Ingila ta yi tata dokar a 1906, Amurka a 1946. A Indiya Kotun Ƙoli ce ta tilasta wa jihohi a 2001 su riƙa dafa wa yaran firamare abincin rana. A Nijeriya kuwa, Kano ta fara ciyar da yaran firamare a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, sannan a 2005 gwamnatin tarayya ta gwada shirin a jihohi 12 da Abuja. Kusan duk jihohin sun yar da shi cikin 'yan shekaru, in ban da Osun.

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta farfaɗo da shi, Jihar Katsina kuma ta shiga a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Tsarin shi ne a ba yaran aji 1 zuwa 3 abinci sau ɗaya a kowace ranar makaranta, a kan naira 70 ga kowane yaro. Mata ne ke dafawa a gidajensu, su kawo a kula su raba, kuɗinsu kuma ya faɗa asusunsu na banki kai tsaye daga Abuja. Malaman firamare na Dutsin-Ma da Kurfi shaidu ne kan abin da ya biyo baya: aji 1 ya cika ya tumbatsa, har da 'yan ƙanana da ba su isa shiga ba, kowa da robarsa. Mata da yawa sun samu sana'a. Wannan alheri ne, kuma bai kamata a musa shi ba.

To amma a yi lissafi. Matar da aka ba yara 100 tana da naira 7,000 a rana. A ciki za ta sayi shinkafa ko wake, mai, kayan miya, itace, ta biya kuɗin ɗauko kula, sannan ta fitar da ladan wahalarta. Farashi yana hawa, naira 70 tana nan inda take, sai a 2022 aka amince a mai da ita 100, kuma ba a jima ba ƙwai guda ɗaya ya zarce wannan kuɗi. Dole ludayi ya ƙanƙance. Daɗin daɗawa, kuɗin ba ya zuwa a kan kari. A dafa na 'yan makonni, a yi shiru. Ga kuma 'yan aji 4 zuwa 6 suna leƙen ƙannensu ta taga. Shugaban makaranta, wanda shi ya san yaran da sunansu, ba shi da ta cewa kan wadda aka ɗauka ko abin da ta kawo. A ganina wannan ne babban kuskuren shirin: an ɗora tukunya a Kurfi, amma wutar tana Abuja. A watan Janairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da shi baki ɗaya, bayan zargin almundahana, har da ciyarwar.

Rashin tsaro shi ma ya yi nasa ɓarnar. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana, wato wuraren da aka fi tabbatar wa ɗan talaka da abinci sau uku. Manoman da ke kusa da dajin Rugu da yawa sun bar gonakinsu, kuma a 2021 Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomin da aka katse wa layukan waya. Duk wannan ya faɗa ne a kan yaran da dama can ba su da ƙiba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Waɗannan yaran su ne suka zauna a benci a shekarun da suka biyo baya.

Abin da ke ba mai nazari takaici shi ne, wannan yanki ba matalaucin abinci ba ne. Ana noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, ga Fulani da nono, ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka gama a 1983 don noman rani amma ta shafe shekaru masu yawa ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba. Ƙasar Barazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a hannun ƙananan manoma za a kashe shi. Da za a sayi hatsi da wake a kaka, lokacin da suke da araha, a adana a ƙarƙashin kwamitin makaranta da idon dagaci da iyaye mata, da naira ɗaya ta yi aikin biyu, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da masana aikin gona da za su iya auna abin da ya dace a zuba wa yaro daga abin da ake nomawa a nan.

Akwai kuma aikin da ya rage ga malamai da dattawa. Rajistar kiran suna ta shekarun 2016 zuwa 2023 tana nan a ofisoshin hedimastoci, ita ce za ta nuna yara nawa suka zo a makon da aka dafa, nawa suka zo a makon da ba a dafa ba. Haka nan tsofaffin littattafan sito na makarantun kwana, da tsofaffin kukuman da suka yi aiki tun zamanin Jihar Kaduna kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ya kamata sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu su tattara waɗannan takardu tun gara ba ta cinye su ba, a kuma naɗi bayanin waɗannan bayin Allah tun suna raye.