Ciwon da Ya Zo Mana Tare da Kwalta

 

Yau za mu yi zancen wani ciwo wanda ba a yi masa lamba, ba ya kuma jin allura, amma duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin shan magani na ƙauye ya san shi sarai. Shi ne haɗarin hanya. Da gangan na kira shi ciwo, gama yana da mafari, yana da lokacin da ya kan yi ƙamari cikin shekara, yana kuma da irin mutanen da ya fi kamawa, kamar sauran cututtuka. Dattawanmu sun ga agana, ga shi tun 1980 aka yi shela ta ƙare a duniya. Mu kuma mun ga kurkunu, a 2013 aka tabbatar babu shi a Nijeriya. Dukansu biyu da ƙidaya aka fara yaƙarsu: mutum nawa suka kamu, a wane gari, a wane wata. To, bari mu bi ƙidayar haɗarin hanya shekara da shekara, mu ga abin da za ta gaya mana.

Zamanin da fatake su ke kora jakuna da raƙuma zuwa kasuwar Jega, abin tsoro a hanya shi ne ɗan fashi da ƙishirwa da naman daji. Ba wanda ya ke tsoron sauri, domin saurin jaki ba ya kisa. Ko a ƙasar Turawa ma mota baƙuwa ce. Cikin 1896 ne mota ta buge wata mace, Bridget Driscoll, a birnin Landan ta mutu, aka yi ta mamaki, alhali motar ba ta wuce gudun mil 4 a awa ba, watau kamar saurin mai tafiya kasuwa da ƙafa.

A nan Arewa jirgin ƙasa ne ya jawo mota. Ya iso Kano a 1911, sa'an nan a 1929 reshensa ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda. Daga nan sai manyan motoci suka shiga kwasar gyaɗa da auduga da fatu daga Lardin Sakkwato suna kai wa jirgi. Hanyoyin na burji ne, ga gargada, ga kwazazzabai. Tsofaffin direbobi su kan ce in an yi ruwa mai yawa tare hanya a ke yi, mota ta jira har ƙasa ta sha. Mota kaɗan ce, kuma hanya ba ta barinta ta yi gudu. A shekarar da aka sami mulkin kai, 1960, waɗanda aka rubuta sun mutu a haɗarin mota cikin Nijeriya duka sun ɗara 1,000 da kaɗan.

Bayan yaƙin basasa abubuwa suka zo a jere. Ran 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka bar hagu suka koma dama, domin mu daidaita da maƙwabtanmu kamar Nijar da Dahomey, wadda yanzu a ke kira Benin. Kuɗin man fetur ya shigo, aka shimfiɗa kwalta ko'ina. Aka yi ƙarin albashi na Udoji, wanda ma'aikata suka karɓa da ariyas a 1975, a shekarar kuma aka fara haɗa motar Peugeot a Kaduna. Malamin da jiya keke ya ke hawa, yau ya sayi babur. Mai babur ya sayi mota. Koyon tuƙi kuwa sai a bisa hanya, a kan rayukan mutane. Cikin 1982 waɗanda aka rubuta sun mutu sun wuce 11,000. Ku duba fa, cikin shekara 22 ciwon ya ninka sau goma. Da sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, da an rufe makarantu da kasuwanni.

Ganin haka ya sa aka fara neman magani. Jihar Oyo ta kafa 'yan kiyaye haɗari nata a 1977, sa'an nan cikin Fabrairu 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda mu ke kira 'yan Rod Sefti, aka ba Wole Soyinka shugabancinta na fari. Lissafin mutuwa ya sauka daga inda ya kai a 1982. Amma a ganina ba za a ba hukuma yabon duka ba. Tun daga 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, wasu suka jingine nasu. Tsadar nan kuwa ita ce ta haifo mana kabu-kabu da tsofaffin motoci 'yan Kwatano, da tayoyinsu da suka riga suka gama aiki a wata ƙasa.

Mu nan ƙasar Gwandu, babban canji ya zo mana ran 27 ga Agusta 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga Sakkwato. Birnin Kebbi, garin sarauta mai natsuwa, ya wayi gari hedkwatar jiha. Ma'aikata suka kwararo da motocinsu, aka buɗe ofisoshi, gari ya yi ta faɗi. Kalgo, inda hanyar Jega ta haɗu da mai zuwa Bunza da Kamba, ta zama mararrabar da ba ta barci, balle da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013. Ga kuma babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta bi Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal zuwa Sakkwato, wadda tireloli da tankokin mai ke bi dare da rana. Mutumin Dodoru ko Kambaza ko Dalijan da ya ke zuwa birni sau biyu a shekara, yanzu sai ya je da hantsi a babur ya komo kafin la'asar. Alheri ne, ban musa ba. Mace mai naƙuda da yawa babur ne ya cece ta. Amma shi ne kuma ya cika mana benci da masu karaya.

Dokoki sun biyo baya. Ran 1 ga Janairu 2003 aka tilasta ɗaura bel a mota. Ran 1 ga Janairu 2009 aka ce kowane mai babur da fasinjansa su sa hular kwano. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa a manyan garuruwa suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje, aka yi ta dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na san abin da kwalta ke yi wa ƙoƙon kai. Hular kwano ta ƙwarai, in an ɗaure igiyarta, tana rage mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da wajen kashi 70. Bel kuma yana iya rage mutuwar na cikin mota da kusan rabi. A 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu.

Ga lissafin hukuma na shekarun baya-bayan nan. A 2016 mutum 5,053 suka mutu. A 2022 suka kai 6,456. A 2023 suka sauka zuwa 5,081, shekarar da aka janye tallafin man fetur, mutane da yawa suka rage tafiya. A 2024 suka koma 5,421. Akwai abin lura a shekaru biyun nan na ƙarshe. Yawan haɗarin kansa raguwa ya yi, daga 10,617 zuwa 9,570, amma mamatan suka ƙaru. Ma'anarsa, kowane haɗari ɗaya ya fi cin rai. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin mota ya yi tsada, sai a cusa mutum shida inda aka yi domin huɗu, ko kuwa 'yan ci-rani su hau bisa tirela, su da buhuna da shanu. In ta kife, ba a maganar mutum biyu ko uku. Sa'an nan ga tankokin mai. Cikin Oktoba 2024 wata tanka ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka hallaka. Yawancinsu ba matafiya ba ne, daga gidajensu suka fito da bokiti.

Yanzu ga inda na ke so ku kasa kunne da kyau. Wannan lissafi na waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nata kiyasi na 2016, ta ce waɗanda suka mutu a hanyoyin Nijeriya sun kusa 40,000, a shekarar da littafinmu ya nuna 5,053. Ina sauran suka shiga? Suna ƙauyuka irin namu. Yaro ya faɗi da babur tsakanin gona da gida, ya cika, a yi masa sutura kafin azahar, ba ɗan sanda, ba takarda. Wani a wuce da shi wurin mai ɗori. Wani kuwa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce ba komai.

Irin na ƙarshen nan ya fi tsaya mini a rai. Wata shekara da kaka aka kawo mini wani saurayi da ya faɗi a babur ran kasuwa. Ƙujewa ce kaɗai a gwiwa da goshi, yana magana, yana ma ba'a. Na wanke, na ɗaure, na ce a kai shi babban asibiti a duba kansa, gama ya ce ya ɗan suma da ya faɗi. 'Yan'uwansa suka ga kuɗin mota ya fi ƙarfin ƙujewa, suka tafi gida. Da dare ya yi amai, ya yi ta barci, aka ce gajiya ce. Bai ga asuba ta biyu ba. Jini ne ya taru a hankali cikin ƙoƙon kai ya danne ƙwaƙwalwa. A gari aka ce ciwon dare ɗaya ne. Ba a rubuta shi cikin lissafin kowace hukuma ba, ni ma kuwa abin da na rubuta a littafina ran nan shi ne "ƙujewa". Har yau ina ganin da na ƙara matsa musu.

Na san za a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai wuce ranarsa. Amma manomin da ya san haka bai fasa yi wa gonarsa shinge ba, kuma ba mu fasa kai yara lamba ba.

Ciwon nan yana da lokacinsa, kamar yadda zazzaɓin sauro ya ke da damina. Daga kaka zuwa ƙarshen shekara ya fi tsanani, shi ya sa 'yan Rod Sefti su kan ƙara sintiri a watanni huɗun ƙarshe da kuma lokacin Salla. Amfanin gona ya zo, kuɗi ya shiga hannu, ana bukukuwa, samari sun sayi sababbin babura, 'yan ci-rani sun kama hanyar kudu. Hazon hunturu ya rufe ido, ga shanu na ƙetare hanya, ga masu shanya hatsi a gefen kwalta. In albasar Aliero ta fito kuma, sai lodi ya fi mota tsawo. Direba yana so ya yi sawu biyu inda ya kamata ya yi ɗaya, sai ya haɗiyi ƙwaya don kada ya yi barci. Ƙwaya kuwa ido kaɗai ta ke buɗewa, hankali ya riga ya kwanta.

A cikin dalilan nan duka, gudu ne babba, kuma shi ne kullum a kan gaba a lissafin hukuma. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kafin ka ce "ɗaya". Mai gudun 100 tana cin mita 28. Kafin direba ya ga yaro, ƙafarsa ta kai ga birki, aikin gama ya gama. Doka ta ce cikin gari kada a wuce 50. Masana sun auna, sun ga in mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana gudun 65 maimakon 50, haɗarin mutuwarsa ya ninka sau huɗu da rabi. Saboda haka fasinja yana da hakkin ya ce wa direba ya rage, ko ya sauke shi. Kuɗinka ka biya, ba kunya a ciki.

In kuwa abin ya riga ya faru a gabanku, kada ku ja mai rauni ta hannu ko ƙafa. Ku taru mutum uku ko huɗu, ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, ku ɗora shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a saki. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai a rauni, domin ta nan ciwon sarƙe haƙora ke shiga. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa. Lambar 'yan Rod Sefti ita ce 122, kyauta a ke kiranta. Masu ɗorinmu sun yi suna har wajen ƙasar nan, ban raina su ba, amma karayar da ƙashi ya huda fata, da bugun kai, da na ciki, da na gadon baya, na asibiti ne, ko na Gwandu, ko Asibitin Sir Yahaya, ko na Tarayya a Birnin Kebbi. Wanda ya bugu a ka, in ya yi amai ko barci ya yi masa yawa, a tafi da shi ko tsakar dare ne. In tankar mai ta faɗi, ku kori yara, ku yi nisa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa buri a rage mutuwar hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Ba a san rabin abin da ba a ƙidaya ba. Don haka ina roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin tasha, duk haɗarin da ya auku a yankinku, ko an yi rai ko ba a yi ba, ko an riga an yi jana'iza, a aiko wani ɗakin shan magani ya faɗa mana abu huɗu: ranar, da wurin, da irin abin hawan, da shekarun wanda abin ya shafa. Ba a biyan ko kwabo. In mun ga wata kwana ko mararraba tana yawan fitowa a littafi, da shi za mu je wurin Hakimi da Ƙaramar Hukuma mu nemi a yi tudun rage gudu a wurin.