Tallar Gurbin Aiki: Me Ke Jan Mai Nema?

Masu rubuta tallar haja sun daɗe suna bin tsarin da ake dangantawa da Ba'amurke E. St. Elmo Lewis tun wajejen 1898: a ɗauki hankalin mai karatu, a sa masa sha'awa, a tayar masa da kwaɗayi, sannan a nuna masa abin yi. Da tsarin ya shigo sanarwar ɗaukar ma'aikata, sai aka koma tallar aiki kamar sabulu. Amma wanda sabulu ya ba kunya gobe zai sake shago, shi kuwa ma'aikaci shekarunsa ya zuba.

A 1973 mai bincike John Wanous ya gwada masu neman aikin haɗa kiran waya a wani kamfani a Amurka. An nuna wa wasu fim na yabon aikin zalla, wasu kuma fim mai nuna aikin yadda yake, har da gundura da sa idon shugabanni. Kashi na biyun ba su cika tunanin ajiye aikin kamar na farkon ba. A ganina, wannan ya fi duk wata dabarar ƙawata jimla muhimmanci, domin talla tana jawowa, tana kuma tacewa.

Tacewar kan faru ko marubuci bai nufa ba. Binciken Danielle Gaucher da Justin Friesen da Aaron Kay na 2011 ya nuna cewa sanarwar da aka cika da lafuzan gasa da mamaya da nuna isa takan rage wa mata sha'awar aikin. Ba wai sun ga ba za su iya ba, a'a, ji suka yi wurin ba nasu ba ne.

Sai batun kuɗi, wanda masu ɗaukar aiki suka fi kauce wa. Jihar Colorado ta wajabta bayyana albashi a talla tun 2021, birnin New York ya bi sahu a Nuwamban 2022, ko da yake wasu kamfanoni sun riƙa sa tazarar albashi mai faɗin da ba ta gaya wa kowa komai.

A Najeriya matsalar ta ƙara da ta amana. Sanarwar da ke yawo a WhatsApp da alkawarin albashi mai tsoka da guraben da ke gab da cikewa, babu sunan kamfani sai lambar asusun biyan kuɗin fom, ta sa matasa ɗari-ɗari da zaƙin baki. Dole mai gurbi na gaskiya ya rubuta sunan ma'aikata, garin da aikin yake, awannin aiki, albashi da ranar rufewa, ya kuma faɗa ƙarara cewa mai nema ba zai biya ko kwabo ba.