Zubewar gashi lokacin maganin kansa: abin da ke jawo ta da yadda za a yi da ita

Cikin wahalhalun maganin kansa, wadda wasu ke kira ciwon daji ko sankara, zubewar gashi ce wadda ido ke fara gani. Shi ya sa take da nauyi a zuciya, musamman ga mata, har wasu ke jinkirta komawa asibiti saboda ita. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, magani ne ke zubar da gashin, ba cutar ce ta ƙaru ba, kuma ga mafi yawan mutane gashin yana dawowa.

Daga ina take zuwa?

Maganin da ake kira shimiyo, wanda galibi ake sawa ta jijiya cikin ƙarin ruwa, yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, domin haka ƙwayoyin kansa suke. To, saiwar gashi ma tana cikin masu saurin hayayyafa a jikin mutum. Kai yana ɗauke da silin gashi wajen 100.000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna cikin tsiro a kowane lokaci. Idan magani ya bi jini ya iske su, sai su raunana su faɗi.

Ba kowane magani ke yin haka ba. Doksorubisin, jan ruwan nan da masu sankarar mama suka sani, da paklitaksel da dosetaksel, suna cikin masu zubar da gashi sosai. Ƙwayoyi irin su tamoksifen kan rage masa kauri kawai. Gashin wuta kuma, wato radiyoterapi, wanda ake yi a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa (CNLC) a Yamai tun 2021, yana zubar da gashin wurin da aka haska ne kaɗai: wadda aka haska wa ƙirji ba za ta rasa gashin kai saboda shi ba. Yawan zubewa ko ƙarancinta ba ya nuna ko magani yana aiki.

Yawanci zubewar tana farawa mako 2 zuwa 3 bayan ƙarin ruwa na farko. Fatar kai kan yi tsami ko ƙaiƙayi kafin nan, sannan a fara ganin gashi a matashin kai da cikin mataji. Gira, gashin ido, gemu da na hanci ma suna iya tafiya.

Kafin ta fara

A tambayi likita kai tsaye: wannan maganin yana zubar da gashi? Idan ya ce e, a kwance kitso mai ɗaurewa, a cire ƙarin gashi, a rage tsawonsa. Ganin guntun gashi yana faɗuwa ya fi sauƙin ɗauka da ganin dogon kitso ya fita a hannu. Man miƙar da gashi, rini da baƙin lalle, duk a ajiye su.

Wanda ya zaɓi ya aske gaba ɗaya, ya yi da injin aski mai tsabta. Aska da reza, ko ta wanzamin gida ce da aka saba da shi, a bar su har a gama magani. Shimiyo yana rage ƙwayoyin jini masu kare jiki da masu tsayar da jini, saboda haka ɗan yankan da a da ba a kula shi yana iya zama gyambo. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 a wannan lokaci na asibiti ne nan take, ba na jira har gobe ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai hular sanyi da ake sawa lokacin ƙarin ruwa don ta tsuke jijiyoyin fatar kai. Tana taimakon wasu, ba kowa ba, kuma ba a amfani da ita ga masu kansar jini. Ɗora ƙanƙara a kai a gida ba madadinta ba ne.

Kula da kai marar gashi

A nan yanayinmu ya shigo. Fatar da ba ta taɓa ganin rana ba ba za ta jure zafin Afrilu da Mayu ba, kuma wasu magungunan suna ƙara mata saurin ƙonewa. A rufe kai duk lokacin fita: kallabi na auduga mai laushi a ƙarƙashin mayafi, hula ko rawani ga maza. Peruki ba laifi, sai dai na roba yana tara zufa. A sa ƙyallen auduga a ƙarƙashinsa, kada a manna shi da gam. Da hunturu, rashin gashin ido da na hanci yana barin ƙura ta shiga yadda take so, don haka tabarau da takunkumi suna da amfani. Sabulu marar ƙarfi da ɗan man kaɗanya sun isa, amma wurin da ake gashin wuta kada a shafa masa komai sai likita ya yarda.

Ta wani gefe al'adarmu ta ɗaurin kai ta rage wa mata nauyi, tunda ba wanda zai yi mamakin ganin mace da kallabi. Matsalar tana cikin gida. Miji da ya ga kai ya kau da fuska, ko ƴar uwa da ta ce sammu ne ta kawo rubutu da sassaƙe a madadin asibiti, sun fi zubewar gashin ciwo. Kansa ba ta yaɗuwa ta taɓawa ko cin abinci a kwano ɗaya. Yara kuma a faɗa musu tun kafin su gani: maganin inna yana da ƙarfi, zai zubar mata da gashi, zai sake fitowa. Duk wani maganin gargajiya da za a sha, a nuna wa likita tukuna, domin wasu itatuwan suna wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda su ne ke tace shimiyo.

Dawowarsa

Makonni kaɗan bayan ƙarin ruwa na ƙarshe, gashi mai laushi irin na jariri yana fara fitowa, kuma cikin wata 3 zuwa 6 kai kan rufu. Yana tsiro kimanin santimita 1 a wata. Sabon gashin kan bambanta da na da, a laushi ko a launi, wani lokaci har da furfura. A bar shi ya yi ƙwari kafin a koma kitso mai ja ko man miƙarwa. Gashin wuta mai ƙarfi a kai, da dosetaksel ga mutane ƙalilan, suna iya barin wurin da ba ya cika. Idan wata 6 suka wuce babu alamar tsiro, a sanar da likita, domin ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo ma suna hana gashi fitowa, kuma ana gano su da gwajin jini.