Rundunar Kwamando da Wuƙarta

Duk wanda ya taso a zamanin gidajen kallon bidiyo ya san kalmar kwamando. A bakin yara, kwamando shi ne ƙaton nan mai murɗaɗɗen jiki da ke faɗa wa sansanin abokan gaba shi kaɗai, harsashinsa ba ya ƙarewa. Kalmar kuwa ta girmi fim nesa ba kusa ba. Sunan wata runduna ce da Birtaniya ta kafa a 1940, a lokacin da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, kuma har yau alamar da ke kafaɗar magadanta 'yar siririyar wuƙa ce mai kaifi biyu.

A farkon watan Yuni na 1940 aka gama kwaso sojoji kusan 338,000 daga gaɓar Dunkirk a Faransa, Jamusawa na biye da su. Mutane sun tsira, amma igwa da motoci da tankokin yaƙi duk an bar su a can. Birtaniya ba ta da ƙarfin komawa Turai da babbar runduna, kuma Firayim Minista Winston Churchill bai yarda a naɗe hannu ana jiran mamaya ba. Ya nemi a samo masa zaɓaɓɓun mutane da za su riƙa ƙetare teku da dare, su yi ɓarna, su dawo. Wani hafsa mai suna Laftanar Kanar Dudley Clarke shi ya zana tsarin, shi ne kuma ya ba da sunan. A Johannesburg aka haife shi, ya san labarin manoman Boer na Afirka ta Kudu waɗanda ƙananan ƙungiyoyinsu na mahaya, da suke kira kwamando, suka gallabi sojan Ingila daga 1899 zuwa 1902. Churchill ma ya san su farin sani, don sun taɓa kama shi yana ɗan jarida a 1899 kafin ya tsere. Manyan hafsoshi da dama ba su so sunan ba, amma shi ya bi rundunar.

Ba a tilasta wa kowa shiga ba, sa kai ake yi. Ba a kuma ajiye su a bariki ba. Kowane soja ana ba shi sule shida da kwabo takwas a rana, ya nemi ɗakin haya da abincinsa a gari, gobe a ce masa ya bayyana a wuri kaza da ƙarfe kaza, yadda zai isa can ruwansa. Wanda ya gaza ba a kulle shi, ana mai da shi rundunarsa ta asali ne kawai, kuma wannan kunyar ta fi kowane horo ciwo a wurinsu. Farmakin farko, kusa da Boulogne a ƙarshen Yuni, bai tsinana abin kirki ba. Na biyu a tsibirin Guernsey cikin Yuli ya fi shi muni. Zuciya akwai, amma babu kayan aiki, babu kuma wanda ya koya musu yadda ake kusantar mai gadi a cikin duhu.

Masu koyarwar daga Shanghai suka zo, kuma a nan labarin wuƙar ya fara. William Fairbairn ya shiga 'yan sandan yankin Turawa na birnin a 1907. Shanghai a lokacin matattarar 'yan daba ce da masu safarar miyagun ƙwayoyi da masu satar mutane. Wata rana gungun 'yan daba suka ritsa shi a lungu, suka yi masa lilis, suka bar shi suna zaton ya mutu. Da ya warke sai ya shiga koyon kokawar Japanawa da damben Sinawa, ya riƙa tsamo abin da ya ga yana aiki a titi yana zubar da na ado. A 1925, bayan 'yan sanda sun buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a ranar 30 ga Mayu, aka ba shi aikin kafa rukunin kwantar da tarzoma na musamman. Ya gina gidan atisaye mai duhu da lunguna, inda hotunan abokan gaba ke faɗo wa ɗan sanda ba zato, domin ya koyi harbi a firgice. Abokin aikinsa Eric Sykes ɗan kasuwa ne mai sayar da bindigogi, gwanin harbi, shi ke jagorantar maharban rukunin. A ma'ajiyar makaman 'yan sandan ne aka fara ƙera musu ƙananan wuƙaƙe daga tsofaffin banati, wato wuƙar bakin bindiga.

A 1940 su biyun suka koma gida Birtaniya, kowannensu ya haura shekara 55, da furfura da tabarau. An ce wanda ya ga Sykes sai ya ɗauka limamin coci ne. Aka tura su makarantar horo ta Lochailort a tsaunukan Sikotlan, suka tarar da samarin da aka rena a kan cewa faɗa yana da ladabi, ba a dukan wanda ya faɗi. Aikinsu na farko shi ne cire musu wannan daga ka.

A watan Nuwamba na 1940 suka je ofishin kamfanin Wilkinson Sword a Landan, kamfanin da yau aka fi saninsa da reza, amma asalin sana'arsa ƙera takubba ne. Suka zauna da John Wilkinson Latham suka zayyana masa abin da suke so, kuma a farkon 1941 wuƙaƙen farko suka fito daga maƙera. Ruwanta kusan inci 7 ne, kaifi ta kowane gefe, da ƙashin baya a tsakiya, tana sirancewa har ta ƙare da tsini kamar na allura. An yi tsawon ne da lissafin kaurin rigar sanyin soja. Mariƙinta na tagulla ne mai ƙumba a tsakiya kamar 'yar kwalba, an kakkarta shi don kada ya zame a jiƙaƙƙen hannu, kuma nauyin yana wajen mariƙin, shi ya sa take kwanciya a tafin hannu ba ta rinjayar gaba. Tsakanin ruwa da mariƙi akwai ɗan ƙarfen kare yatsu mai lanƙwasa. Kuben fata ne, da 'yan kunnuwa a gefe don soja ya ɗinke shi a wandonsa ko a hannun riga. Wanda ya san wuƙar damtse ta Buzaye zai gane hikimar nan take: makamin da ke kwance a jiki, hannu na isa gare shi ba tare da an ji motsi ba.

Da buƙata ta yi yawa sai aka fara rage aikin hannu. Samfuri na biyu ya zo da miƙaƙƙen ƙarfen kare yatsu. Na uku, wanda ya fi yawa, mariƙinsa na zubi ne mai zobba-zobba, an baƙanta shi duka don kada ya ƙyalla a farin wata, kuma maƙeran Sheffield da dama suka shiga yin sa. Sojoji sun yi ƙorafi a kansa. Mariƙin zagayayye ne, a duhu mutum ba ya sanin ina kaifin ya fuskanta, ga shi yana zamewa.

A ganina ma duk wanda zai faɗi gaskiya game da wannan wuƙa dole ya ce aikinta ɗaya ne tak. Ba ta sare reshe, ba ta fasa akwati, ba ta haƙa rami. Soja kuwa sau ɗari yake buƙatar buɗe gwangwanin abinci kafin ya buƙaci soke mutum sau ɗaya, kuma da yawa sun karya tsininta a kan gwangwani. Sojojin ruwan Amurka sun gwada irinta, suka koma wa wuƙar Ka-Bar mai faɗin ruwa da mariƙin fata, wadda ke yin kowane aiki. Amfanin wuƙar Fairbairn da Sykes mafi girma a zuciyar mai ɗauke da ita yake. Ranar da aka miƙa wa saurayi ita, an gaya masa ke nan cewa yaƙinsa na kusa ne, inda zai ji numfashin abokin gaba.

Inda aka ƙera mutanen kansu shi ne Achnacarry, gidan sarautar dangin Cameron a Sikotlan, wanda ya zama cibiyar horon kwamando a 1942 ƙarƙashin Laftanar Kanar Charles Vaughan. Sabon zuwa yana sauka daga jirgin ƙasa a tashar Spean Bridge, ya ga mota ta kwashe jakunkuna, shi kuma a ce ya taka kimanin mil 7 da bindiga da kayan yaƙi a jiki. A bakin ƙofa jerin kaburbura ne na bogi, kowanne da allon da ke faɗin kuskuren da ya kashe mai shi: wannan ya tsaya a kan tudu inda ake hango shi, wancan bai duba bindigarsa ba. Atisayen sauka daga kwalekwale da harsashi mai rai ake yin sa, kuma akwai waɗanda suka mutu a wurin da gaske. Hafsa da kurtu laka ɗaya suke shiga. Mutum kusan 25,000 suka bi ta gidan kafin a rufe shi.

Abin da ya fi burge ni a kayansu wata 'yar igiya ce da ba a cika ambata ba. Tsawonta bai fi tsayin mutum ba, kai ɗaya da ɗan guntun katako, ɗaya kan da zarge. Kowane soja yana ɗaure da tasa a ƙugu. Ita kaɗai ba ta kai ko'ina ba, amma in mutum talatin suka saƙala katakon wannan a zargen wancan, sai ga igiyar hawa dutse, sai ga gadar ƙetare kogi. Da ita suke rataya su sulale a kan kogin Arkaig. Sauran kayan ma marasa kwarjini ne: takalmi mai tafin roba da ba ya ƙara a kan dutse, hular ulu maimakon hular kwano, jakar baya mai firam da suka aro daga masu hawan dutsen Norway, da bindigar Thompson. Koriyar hular da ta zama tambarinsu a 1942 ta shigo.

Daga nan farmaki ya fara cizo. A tsibiran Lofoten na Norway, a Maris 1941, sun ƙona masana'antun man kifi, suka kuma samo sassan na'urar sirrin Jamusawa daga wani jirgin ruwa. A 28 ga Maris 1942 suka cika tsohon jirgin yaƙi Campbeltown da nakiya, suka kara shi da ƙofar mashigin gyaran jirage na Saint-Nazaire, wuri ɗaya tilo a gaɓar Atlantika da zai iya ɗaukar babban jirgin Jamus Tirpitz. Mutum 611 suka tafi, 169 suka mutu, 215 aka kama, mashigin kuma bai sake aiki ba har yaƙin ya ƙare. A watan Oktoba na shekarar Hitila ya ba da umarni a asirce cewa duk kwamandon da aka kama a kashe shi, ko da yana cikin kaki, ko da ya miƙa wuya. An aiwatar da umarnin, kuma bayan yaƙi an hukunta hafsoshin Jamus a kansa.

Rundunar ta yi 'ya'ya tun tana ƙuruciya. David Stirling, wanda ya kafa rundunar SAS a Masar a 1941, daga kwamando ta 8 ya fito. Bataliyar Rangers ta farko ta Amurka a Achnacarry ta yi horo. Kwamando ta 10 ta tara Faransawa da 'yan Holan da Beljiyam da Norway da Folan, har da Yahudawan da suka tsere daga Jamus, kuma bayan yaƙi ƙasashensu da dama suka gina rundunoninsu na musamman a kan wannan tushe, wasu da hoton wuƙar a bajonsu. Fairbairn ya haye Kanada da Amurka yana koyar da 'yan leƙen asiri. Zumuncinsa da Sykes ya yi tsami, Sykes ya rasu a 1945, shi kuma a 1960.

A ƙasar Bama hanyarsu ta haɗu da ta kakanninmu. A ƙarshen Janairu 1945 birged ta 3 ta kwamando ta riƙe wani tudu a Kangaw, a yankin Arakan, don tare wa Japanawa hanyar ja da baya, a lokacin da Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ke matso su daga arewa. A cikin wannan runduna akwai bataliyoyin Nijeriya, inda Hausa ce harshen bariki. Su abin da ke rataye a ƙugunsu adda ce. Da ita suke sare gora, su buɗe hanya a kurmi, su kafa bukka, in ta kama kuma su yi faɗa da ita. A wannan daji adda ta yi aikin da siririyar wuƙar Landan ba za ta taɓa yi ba, sai dai ina ganin an rage mata haƙƙinta.

A 1946 aka rusa kwamandon sojan ƙasa, aka bar aikin a hannun sojojin ruwa na Royal Marines, waɗanda suka fara kafa nasu rukunan tun 1942. Yanzu a Lympstone ake horon, kuma jarrabawar ƙarshe tafiyar mil 30 ce a ƙasa, a tsaunin Dartmoor, cikin awa 8 da kaya a baya. Magadan nan ne suka ratsa tsibirin Falkland da ƙafa a 1982. Kayan aikinsu na yau madubin gani da dare ne da rediyo da jirage marasa matuƙa, wuƙar da suka fi zarowa kuwa mai naɗewa ce da ke da filaya da sukundireba. Wilkinson Sword ta rufe maƙerar takubbanta a 2005. Kusa da Spean Bridge akwai mutum-mutumin tagulla na sojoji uku da aka buɗe a 1952, suna fuskantar tsaunukan da aka horar da su a cikinsu. Wuƙar kuwa har yanzu ana ƙera ta a Sheffield, kuma ita ce a kafaɗar duk sojan da ke aiki a rundunar kwamando ta Birtaniya.